Yadda Hular Kawu ta Hau Kan Mai Ganga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, wan mahaifiyata, ya rasu wata Laraba da hantsi a asibiti nan Bronx, bayan ciwon ƙoda da ya daɗe yana ɓoye mana. Kafin azahar gidansa na Concourse Village ya cika har matakala, takalman masu gaisuwa sun tare ƙofar maƙwabta.

Abokan sana'arsa masu sayar da kaya a tebur a bakin titin Harlem suka naɗe kaya suka taho. Wani dattijo mai sayar da turare, wanda teburinsa ke maƙwabtaka da na Kawu tun ban zo ƙasar nan ba, ya tsaya bakin ƙofa ya kasa shiga, sai faɗi yake, "Yanzu wa za ya riƙa hana mu faɗawa hannun 'yan damfara?" Maƙwabciyarsu 'yar Kumasi ta shigo da tukunyar shinkafa tana kuka tana cewa, "Ei, Baba! Shekara da shekaru muna gaisawa, mutumin nan bai taɓa yarda ya faɗa mini sunan garinsu ba." Aka yi dariya cikin hawaye. Jikoki kuwa sun duƙufa kan wayoyi suna neman hotonsa da za a aika wa dangi, kowa ya duba ya ɗago kai. Ban da na fasfo, babu ko ɗaya.

Kowa ya san Kawu ya sayo likkafaninsa tun zuwansa Makka, ya ce kada a wahalar da kowa ranar. Liman ya aiko a kawo. Ni da matar Kawu, wadda duk muke kira Inna, muka shiga ɗaki nema. Muka same shi a ƙasan kabad cikin leda, a bisa wani tsohon katan da aka naɗe da salatif ta ko'ina. Ina ganin katan ɗin gabana ya faɗi, don na san shi. Inna ita ma ta saba ganinsa, amma abin da aka faɗa mata kullum shi ne kayan mutane ne, ba a taɓawa. Ranar ta ce in miƙo mata wuƙa.

Fayafayan sidi ne, iri ɗaya, cike da katan. A bangon kowanne akwai hoton samarin Turawa uku da budurwa ɗaya sun jingina da wata ƙofar ƙarfe. Budurwar na riƙe da sandunan ganga, ga ƙarfe a hancinta, a kanta kuma hular maza irin tamu. Inna ta kai faifan kusa da taga ta daɗe tana dubawa.

"Wannan hulata ce," ta ce. "Ni na ɗinka ta a Maradi da hannuna, shekarar da ya tahi. Ga nan inda koren zare ya ƙare mini na cike da shuɗi. Ya ce mini ta faɗi a jirgin ƙasa."

Ana haka Liman ya zo ya tsaya bayan labule, ya ce za su wuce masallaci a sallace shi, iyali su yafe masa. Mata suka amsa gaba ɗaya, mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Muryar Inna ce kawai ba a ji ba. Liman ya sake cewa, "Hajiya, a yafe masa."

"Liman, ku tahi ku rufe shi," in ji Inna. "Ni ban yafe ba tukuna. Sai na san yadda hulata ta hau kan waccan."

Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta zagaye falo da kicin. Wannan ta ce matar takarda ce, irin auren da ake yi don samun izinin zama, ai duk sun yi a wancan zamanin. Waccan ta ce in ta takarda ce kawai me ya kai hula. Wata ma, wadda na san Kawu ne ya tsaya wa mijinta lokacin da ya zo ba shi da ko bargo, na ji ta da kunnena tana cewa ita dama masu yawan shirun nan ba ta yarda da su ba. Na so in watsa mata shayin da ke hannuna, darajar gidan makoki ta ci. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan: ba na so abin da za a riƙa tunawa da Kawu ya zama raɗe-raɗin kicin, kuma ba na so a ce mutumin da ya yi wa mutane abin da ya yi ya kwanta matarsa ba ta yafe masa ba.

Sai dai in faɗi gaskiya, ni ma zargin nasa nake yi. A wurinsa na koya.

Kawu bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi ka cika fara'a, sai ya kalle ka ta saman tabarau ya ce, "Wa ya aiko ka?" Ba ya ɗaukar lambar da bai sani ba. Idon kyamarar wayarsa a liƙe yake da salatif. A wurin biki ko suna, da ya hango mai ɗaukar hoto sai takalminsa ya kwance, ya duƙa yana gyarawa har a wuce. Lokacin da kowa ya koma aika saƙon murya, shi ko a mafarki. Za ka aika masa, ya saurara, ya kira ka. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai ya fi sauƙi, ka danna ka yi magana kawai." Ya ce, "Ni ba na barin muryata a hannun mutum." A gidan abinci sai ya leƙa kicin ya tambayi wanda ya yanka kazar, in an ce wane ne, ya tambayi ɗan wane gari ne.

Amma duk wanda ya sauka daga jirgi bai san inda zai dosa ba, gidan Kawu ake nuna masa. Zai zaunar da shi ya yi masa tambayoyi yini guda kamar ɗan sanda: wa ya haife ka, wa ya ba ka adireshina, me ka baro a gida, wa ka cuta. In ya gama, sai ya shimfiɗa masa katifarsa shi ya koma darduma. Washegari ya ware masa gefen tebur da 'yan huluna da safa, ya nuna masa inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa. Akwai wani mutumin Tawa da ya zo da tari, Kawu ya rantse ƙarya yake yi don kada ya fita sanyi. Da aka kwantar da mutumin a asibiti, Kawu ne ya riƙa rufe tebur yana zuwa jinya har aka sallame shi, yana ba shi kunu a baki yana yi masa faɗa.

Ni na zo wurinsa ina budurwa, tun Inna tana Maradi, don ita sai daga baya can takardunta suka fito. Makon da na fara zuwa makaranta ya ce in tafi ni kaɗai in koyi hanya. Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa na waiga, sai ga gefen babbar riga ruwan toka yana leƙowa daga bayan ginshiƙi. Haka ya yi ta bina daga nesa, ni ina yi kamar ban gan shi ba, shi yana yi kamar bai san na gan shi ba. Har ya rasu ba mu taɓa ta da maganar ba.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi na gaske, kuma a kan katan ɗin nan ne. Wata Asabar yana tebur, ni kaɗai a gida, kewa ta ishe ni, na shiga bincike. Na ɓare faifai ɗaya na saka a rediyon da yake jin wa'azi. Kai! Ban taɓa jin abu irinsa ba. Kiɗa ne na yaran Turawa da suke kira pop-punk: jita da ganga a guje kamar an biyo su, mai waƙa yana ihu ta hanci, amma amshin yana da saurin kama kunne. Ban fahimci ko rabin abin da suke cewa ba, na dai ji cewa su ma a takure suke, su ma garin ya ishe su. Na yi ta maimaitawa ina tsalle a tsakar ɗaki da zanen gida. A tsakiyar faifan akwai inda kiɗan ke yankewa ɗif, na ɗauka lalacewa ya yi, kullum sai in danna in tsallake. Hular da ke hoton kuwa ban kula da ita ba, ina ni ina sanin ɗinkin Inna a lokacin.

Kawu ya dawo ya same ni. Na shirya jin wa'azi a kan kiɗa da shaiɗan, amma ko kalma ɗaya bai ce a kan wannan ba. Ya kashe rediyo ya ce, "Naki ne?" Na ce a'a. Ya ce, "Har ina kika ji?" Na ce duka. Ya dube ni ya daɗe, kamar yana jiran in ƙara wani abu. Da ban ƙara ba, ya samo leda da kyandir, ya zauna ya liƙe faifan tsaf irin yadda suke liƙe kayan tebur, ya mayar cikin katan. Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Har yau ina ganin ya yi tsanani, kuma tun ranar na ajiye a raina cewa akwai abin da tsohon nan ke ɓoyewa.

Bayan sadakar uku Inna tana cikin takaba, ba ta cin abin kirki, ba ta kuka, ba ta magana sai ya zama dole. Ta ce in ɗauke mata katan ɗin daga ɗaki. Liman ya ja ni gefe ya ce in dai kayan mutane ne, a nemo masu shi a mayar, kada ya zame wa mamaci nauyi.

Yanzu wa ke da abin saka faifai? Sai tsohuwar motar maigidana. Na taso daga aiki da la'asar, na faka a gefen titi, na ɗaga gilasai na saka. Abin haushi, ashe amshin nan duk yana kaina. Mace da 'ya'ya, kawunta ko mako bai yi a ƙasa ba, ga bakina yana motsi da kansa. Yanzu da nake jin Turanci na gane ba wani abu suke faɗa ba: an kore ni daga aiki, yarinyar ba ta kira ba, garin nan ya yi mini kaɗan. Waƙar ma ba su gama iyawa ba, mai jita yana riga mai ganga, mai ganga tana cim masa. Amma ni ba daɗi na zo ji ba. Kunne na kasa kamar mai laɓe, duk inda muryar budurwar ta shigo amshi sai in ce a raina, to ke, wa kike wa?

Da aka zo inda kiɗa ke yankewa na kai hannu zan tsallake, sai na tuna tambayar da ya yi mini, har ina kika ji. Na janye hannu, na ƙure murya. Da farko ƙarar ruwa a bututu kawai. Sai wani ya yi gyaran murya can nesa. Sai kabbara.

Kawu ne. Muryarsa ce tun tana da ƙarfi, tana fitowa a dushe kamar daga wani ɗaki, yana karatun sallar magariba. Na kifa kai a sitiyari na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Amma da na share ido, zargin ya dawo ya ninka. Mutumin da ba ya barin muryarsa a hannun 'yar ƙanwarsa, me ya kai ta hannun waɗannan?

Neman su ya ba ni wuya. Ƙungiyar ta watse tun tuni, kuma ko lokacin da suke tare ba wanda ya san su. A intanet shafi ɗaya tak na samu, wani mai tara tsofaffin fayafayai ya saka hoton yana tambayar ko akwai wanda ya taɓa jin wannan. A ƙarƙashi wata ta amsa cewa ita ce ta kaɗa gangar. Na rubuta mata ban faɗi ko ni wace ce ba, na ce ina da kayanta. Ta ba ni kwatancen wani shagon gyaran keke a Port Richmond.

Na ɗora katan a keken cefane, na shiga jirgin ƙasa, na hau jirgin ruwa, na kama bas. Duk hanya ina shirya fuskar da zan shiga da ita. Na tarar da mace mai furfura, hannuwanta duk zane da baƙin mai, ramin ƙarfen yana nan a hanci amma ba ƙarfen. Tana ganin katan ta ajiye sifana ta rufe baki. Ban zauna a kujerar da ta ba ni ba, ban karɓi ruwanta ba. Na ce mata da Turanci, mai wannan kaya kawuna ne, ya rasu, matarsa tana so ta san yadda hularsa ta zo kanki.

Ta zauna a kan wata taya ta ba ni labari. Ta ce a wancan lokacin suna haya a ƙarƙashin wani bene a Harlem, nan suke gwaji, nan kuma suka ɗauki faifan don ba su da halin zuwa wani wuri. Ɗakin da ke jikin nasu wani ɗan Afirka ne ke ajiye kayan teburinsa, nan yake salla. Ranar farko ya banko ƙofa yana faɗa, ba su ji yarensa ba, shi ma bai ji nasu ba. Ƙwanƙwasawa ba ta da amfani, wa zai ji? Sai ya samo dabara. In lokacin salla ya yi, sai ya turo ƙofar kaɗan, ya zuro hannu ya rataye hularsa a wata ƙusa da ke fuskantar gangarta. Ita ce mai fara gani, in ta tsaya kowa ya tsaya. Shi kuma ya saka 'yar farar hula ta aljihu ya yi sallarsa. In ya idar, hannun ya sake zurowa ya ɗauke hula, su ci gaba. Ta ce sun fi sanin hannunsa a kan fuskarsa. Wata rana suna cikin ɗauka hula ta shigo, suka tsaya, aka manta ba a kashe na'urar ba.

Na ce, "Wannan bai kai hula kanki ba."

Ta ce tana zuwa. Wata rana hula ta shigo, suka yi shiru, sai suka ji ana kiransa daga sama da ƙarfi, suka ji ya haura da gudu. Suka jira. Ba kabbara, ba hannu. Ba wanda ya iya taɓa jita alhali hular na rataye, har suka gaji suka tafi gida. Washegari tana nan. Suka sake zama suna kallonta kamar wawaye, in ji ta. Daga baya masu tebur suka gaya musu an yi kame, an kwashe kaya da mutane, shi kuma ba takardar zama, an wuce da shi. Kowa ya ce ƙasarsu za a mayar da shi. Shi ya sa da za a yi hoton faifai ta cire hular daga ƙusa ta saka, shi ya sa kuma suka bar sallar a tsakiya ba su yanke ba. Sun ɗauka ba za su sake ganinsa ba.

Na ce, "Kun tambaye shi kafin ku saka?"

Ta sunkuyar da kai ta ce a ina za su gan shi su tambaya.

Ta ce bayan watanni sai ga shi ya dawo bakin titi, ya rame. Suka je da murna suka kai masa faifai, suka saka masa abin ji a kunne. Ya ji har ƙarshe. Ta miƙa masa hula, ya dubi hoton, ya dubi kanta, ya girgiza kai ya ƙi karɓa. Sai ya tambaya guda nawa suka buga. Suka ce ban da 'yan kaɗan da suka rabar, duk suna cikin katan ɗaya. Ya ce su kawo duka, shi zai sayar musu a tebur. Ta ce ranar sun yi ta tsalle, sun samu dillali a Harlem. Amma duk zuwan da suka yi sai ya ce kasuwa ba ta tafiya, kuma ko sau ɗaya ba su ga faifan a kan tebur ba. Ana nan suka yi faɗa tsakaninsu suka watse, ba wanda ya sake bi ta kai.

Sai lokacin na zauna a kujerar. Ita har yau ba ta gane ba, ni na gane, don na san mutumina. Kawu bai taɓa niyyar sayar da ko ɗaya ba. Yaya zai sayar da ayoyin Allah a tsakanin ganga da ihu, da muryarsa kuma? Ba zai zuba su a shara ba, ayoyi ne. Ba zai ƙone su ba, ba nasa ba ne. In ya mayar musu, za su sayar. Sai ya ɗauki katan ya yi ta yawo da shi daga ɗaki zuwa ɗaki, daga Harlem zuwa Bronx, har ya ɗora likkafaninsa a kai. Wayo ya yi wa yaran mutane, ba zan ɓoye ba don ya mutu. Faifansu ɗaya a duniya, ya zauna a kansa.

Na faɗa mata haka ɗalla-ɗalla. Na ce a al'adarmu in mutum ya rasu ana roƙar masa yafiya a wurin duk wanda ya yi wa ba daidai ba, don haka ina roƙonta. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ko ya baza su a tebur ba mai saye, ta yafe, kuma su ma a roƙar musu. Na tambayi hula. Ta ce ta ɓace a wata ƙaura. Ta faɗa da sauri tana kallon taya, ni dai ban yarda ba, ina zargin tana cikin akwatinta. Na bar mata katan, ta ciro faifai ɗaya ta ba ni.

Ban kai wa Inna maganar Baturiya haka nan ba. Sai da na biya ta Harlem na tsaya gaban teburin dattijo mai turare, na ce, "Baba, an taɓa ɗaure Kawu?" Ya shiga gyara kwalaben da ba su karkace ba. Na ce Inna ba ta yafe ba har yau, kuma ya sani. Ya sauke numfashi ya ce, "Ɗiyata, rantsar da mu ya yi. Ya ce in labarin ya kai Maradi bai yafe wa kowa ba. Wai a ce ɗan gidansu ya kwana a gidan yari."

Ranar Juma'a bayan la'asar na je wurin Inna da ɗan rediyon da na aro. Tana zaune kan darduma da farin mayafi, carbi a hannu. Na faɗa mata duka, ban rage ba, har wayon da ya yi wa yaran. Da na zo kan ɗaurin, carbin ya tsaya.

"Rani guda cur," ta ce. "Ba saƙo, ba waya. Yayyena suka ce ya yi aure can, in je wurin alƙali a raba. Uwata ta daina fita biki saboda tambaya. Da ya kira, ce mini ya yi aiki ya yi yawa. Ya gwammace in zarge shi da mace da in san an kulle shi?"

Na ce haka na gani, Inna.

"Ita Baturiyar ban yarda da ita ba. Mi ya sa ba ta ba ki hular ba?"

Na ce ni ma ban yarda da ita ba a kan hula. Amma akwai abin da nake so ki ji da kunnenki.

Na wuce waƙoƙin farko na kai daidai wurin, na ƙure murya, na ajiye rediyon a gefen dardumarta. Ruwa ya yi ƙara a bututu. Da ya yi gyaran murya Inna ta zabura, ta dafa ƙasa da hannu ɗaya. Ya yi kabbara, ya fara karatu. Ta matso da kunne, bakinta na bin nasa a hankali. Da ya kai inda ake cewa amin, ta ce amin a fili, kamar tana bayansa.

Can ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika.

"Kin ji shi? Sauri yake yi. Mutumin da in ya ja mu salla a gida sai ƙafafuna sun yi sanyi, ji surar da ya ɗauko, 'yar guntuwa. Ni ban taɓa jin ya yi sauri a salla ba sai yau."

Ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta sake ji har ya yi sallama, sannan ta share fuska da gefen mayafi, ta ce da murya irin wadda Liman zai iya ji daga bayan labule, "Na yafe masa, duniya da lahira. Hular da ƙaryar da ranin, duk na yafe. Allah ya jiƙan ka, Malam, ya sa ka huta."

Na amsa da amin. A cikin rediyo aka ji ƙarar ƙofa, sai sandunan ganga suka bugi juna, alamar za a koma. Na yi wuf zan kashe, don gidan takaba ne kuma akwai mutane a falo. Inna ta riƙe mini hannu.

"Bar su," ta ce. "Ai don su ya yi saurin."